Shin Ƙurajen Fata Daga Ciki Suke Fitowa?

Shin gaskiya ne duk abin da ya fito wa mutum a fata daga cikinsa ya taso? Tambayar ta daɗe a bakin mutanen Damagaram, amma a ƴan shekarun nan ta ƙara ƙarfi, domin maganar da masu magani ke yi da lasifika a kasuwar Dole, cewa dattin ciki ne ke kawo ƙuraje da ƙaiƙayi da dusashewar fata, yanzu ta haɗu da tallan da ke yawo a WhatsApp da TikTok na garin sha da ƙwayoyi masu tsada da sunan gyaran hanji. Farashinsu ya bambanta, harshensu ma ya bambanta, amma abu ɗaya suke faɗa: a wanke ciki, fata za ta yi kyau. Akwai gaskiya a maganar, domin likitoci sun tabbatar da alaƙa tsakanin hanji da fata. Sai dai alaƙar ba ta datti ba ce, kuma wankin cikin da ake yi saboda ita yakan ɓata abin da ake son gyarawa.

Me ke cikin hanji?

Hanjin mutum ba bututu ba ne kawai da abinci ke bi ya fita. Bangonsa na ciki yana da ninki-ninki da ƙananan tsiro masu tsotse amfanin abinci, kuma da za a shimfiɗa shi duka zai kai kimanin murabba'in mita 30, alhali fatar babban mutum ba ta wuce murabba'in mita 2 ba. A cikin wannan fili, musamman a babban hanji, ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zaune, mafi yawansu bakteriya. Wani lissafi da aka wallafa a 2016 ya kiyasta adadinsu a jikin babban mutum da kimanin tiriliyan 38, wato sun yi daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikin mutumin kansa ko sun ɗan fi.

Da an ce bakteriya, mutane da yawa cuta suke tunani, kuma daga nan rashin fahimtar ta faro. Mafi yawan waɗannan halittu aiki suke yi wa mai jikin. Suna cin dusar hatsi da harzar ganye da ta wake, waɗanda tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa, su mayar da su wasu sinadarai da bangon babban hanji ke rayuwa da su. Suna samar da wasu bitamin, suna tare wa masu kawo cuta wurin zama, kuma tun daga ranar haihuwa suna koya wa garkuwar jiki ta bambance abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Wannan aiki na ƙarshe shi ya fi shafar fata, domin kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji yake zaune, kuma abin da suka koya a can jini yana kai shi ko'ina.

Tunanin cewa hanji na taɓa fata ba sabo ba ne a ilimin likitanci. A 1930 wasu likitocin fata biyu na Amurka, John Stokes da Donald Pillsbury, sun rubuta cewa damuwa na iya sauya halittun hanji har abin ya bayyana a fata, kuma sun ba da shawarar shan madara mai tsami. An yi shekaru da dama ba a kula da maganarsu ba, sai da aka samu na'urorin da ke iya tantance ire-iren bakteriya cikin sauƙi aka dawo kanta.

Inda alaƙar ta tabbata

Hujja mafi ƙarfi, kuma mafi zafi a gare mu, ba a fuskar matasa take ba, tana jikin ƙananan yara. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, a babban asibitin Damagaram ko a Magarya ko Mirya, ya ga yadda ciwon ciki ke fitowa a fata. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, fatarsa ta yi duhu a wasu wurare tana ɓarewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi yana zuba, wannan yaron ba man shafawa yake buƙata ba. Likita Cicely Williams ce ta fara bayyana wannan nau'in tamowa a rubuce a 1933, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. An daɗe ana ɗaukar cewa ƙarancin abinci mai gina jiki ne kaɗai sanadinsa, sai wani bincike da aka yi a kan tagwaye a Malawi, wanda ya fito a 2013, ya ƙara wani abu a kai. Masu binciken sun ɗebi halittun hanjin tagwaye, ɗaya mai cutar ɗaya lafiyayye, suka sa wa ɓeraye, suka ciyar da su irin abincin yankin. Ɓerayen da suka karɓi halittun yaro mai cutar su ne suka rame. Ke nan ba abin da yaro ya ci ba ne kawai, har da halin da hanjinsa ke ciki lokacin da abincin ya isa.

Wannan ya dace da abin da iyaye mata ke gani da idonsu. Yaron da ke yawan zawo, ko wanda kullum yake shan ruwa marar tsabta ko da bai yi zawo a fili ba, bangon hanjinsa yakan yi kumburi, tsiron da ke tsotse abinci su gajarce, sai ya riƙa ci amma jiki ba ya amfana. Garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa irin namu, inda unguwanni da yawa suka dogara da ƴan garuwa da ruwan da ya kwana a jarka, bai kamata ya ɗauki wannan da sauƙi ba. Jihar Damagaram tana cikin jihohin da suka fi yawan yara masu tsumburewa a Nijar, kuma a ganina duk maganar lafiyar hanji da ba ta fara da ruwan sha ba ta bar jaki tana dukan taiki.

Zawo yana fitar da sinadarin zinki daga jiki, kuma ƙarancin zinki yana da alamarsa a fata: gyambo ko ja a kewayen baki da dubura da yatsu, da zubar gashi, da rauni da ba ya saurin warkewa. Ƙarancin kuma yana ƙara tsawaita zawon, sai abin ya zama zagaye. Saboda haka ne tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 ga yaro mai zawo. Uwaye da yawa suna daina ba da ƙwayar da zarar zawon ya tsaya a kwana na uku, alhali sauran kwanakin su ne ke mayar wa jiki abin da ya rasa.

Akwai kuma cutar da ake kira felagira, wadda ƙarancin bitamin B3 ke kawowa. Alamominta uku a jere suke tafiya: fata ta yi duhu ta yi kaushi a wuraren da rana ke duka, wato wuya da bayan hannu da ƙafa, sai zawo, sai ruɗewar tunani. Ta fi kama waɗanda abincinsu masara ce zalla, da masu yawan shan giya, da wasu masu shan maganin tarin fuka. A farkon ƙarni na 20 ta kashe dubban mutane a kudancin Amurka ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincikensa a 1914, ya nuna cewa daga abinci take.

Wata cutar kuma garkuwar jiki ce ke faɗa da sinadarin gulutin da ke cikin alkama, ta lalata bangon ƙaramin hanji, kuma ga wasu ta fito da ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ɗuwawu. Idan mai ita ya bar burodi da taliya da duk abin da aka yi da fulawa, hanjin yakan warke, fatar ma ta bi baya a hankali. Ba ta da yawa, amma ba cutar Turawa kaɗai ba ce, domin wani bincike a 1999 ya same ta a jikin kusan yaro 1 cikin 18 a sansanonin ƴan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Aljeriya. Gero da dawa ba su da gulutin.

Hanta ma ɓangare ce ta aikin narkar da abinci. Idan hanyar ɗaci ta toshe ko hanta ta kamu, ido da tafin hannu sukan yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankinmu, kuma mai ciwon shawara da ya tsaya shan sassaƙe yana iya ƙara wa hantar da ta riga ta gaji nauyi. Tsutsar ciki kuwa wasu nau'o'inta suna shan jini har tafin hannu da cikin ido su yi fari, wasu kuma suna tayar da borin jini.

Ƙurajen fuska da ƙaiƙayin yara: inda ake gardama

Abin da ya fi damun samari da ƴan mata shi ne ƙurajen fuska, kuma a nan ne hujja ta fi rauni, talla kuma ya fi ƙarfi. Asalin ƙurajen a fatar yake. Lokacin balaga sinadaran jiki suna ƙara yawan maiƙo, ƙofofin gashi su toshe, wata bakteriya da dama a fata take zaune ta samu wurin yaɗuwa, sai wurin ya kumbura. Gado ma yana da hannu sosai.

Duk da haka abinci yana da nasa rabon. Abin da ke saurin ɗaga sukarin jini, irin su lemon kwalba da farin burodi da biskit da shayi mai sukari da yawa, yana sa jiki ya fitar da insulin mai yawa, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, shi kuma yana zuga fata ta ƙara maiƙo. A Ostireliya an gwada wannan a kan samari 43 na tsawon mako 12, kuma sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna waɗanda suka rage irin wannan abinci ƙurajensu sun fi raguwa. Gwajin ƙarami ne, kuma ragi aka gani, ba warkewa ba. Masu goyon bayan alaƙar hanji da fata suna ƙara da cewa an ga bambanci tsakanin halittun hanjin masu ƙuraje da na waɗanda ba su da su. Masu taka-tsantsan kuwa suna amsa cewa ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wanne, tunda mai ƙuraje wataƙila ya riga ya sha antibiyotik, wato maganin kashe bakteriya, wata da watanni, wanda shi kansa yana sauya hanji. Ni dai ina ganin masu taka-tsantsan sun fi kusa da gaskiya a yanzu.

Haka abin yake a kan egzema, wato busasshen ƙaiƙayin nan da ke kama kumatun jarirai da lanƙwasar hannu da bayan gwiwar yara. A Finland an ba mata masu juna biyu wata bakteriya mai amfani, aka ci gaba da ba da ita wata 6 bayan haihuwa, kuma rahoton 2001 ya nuna yawan yaran da suka kamu ya ragu da rabi. Labarin ya bazu a duniya, kamfanoni suka shiga sayar da ƙwayoyi masu ɗauke da irin waɗannan bakteriya, waɗanda ake kira furobayotik. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ba da sakamako iri ɗaya ba, kuma da aka tattara gwaji 39 aka duba a 2018, an ga cewa ga wanda ya riga ya kamu da cutar ƙwayoyin ba sa kawo wani bambanci na a zo a gani. Mai shirin fitar da jika goma ko ashirin ya sayi kwalbar da aka yi masa talla ya kamata ya san haka kafin ya biya.

Abin da ba daga ciki yake ba

Cututtukan fata da suka fi yawa a unguwanninmu ba ruwansu da hanji. Ƙazuwa wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke haƙa fata, yana bin shimfiɗa da tufafi, shi ya sa take yaɗuwa a makarantun allo da gidajen da ake kwana a cunkushe, kuma ba ta tafiya sai an yi wa duk masu kwana tare magani lokaci guda. Makero da ƙora da ƙyasbi dangin funfuna ne da ke son gumi. Ƙurajen zafi na bazara ne, kaushi da faso na hunturu. Sai kuma man bilicin, wanda da yawansa ke ɗauke da kotizon mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi: yana sirantar da fata, ya kawo ƙuraje da nankarwa da makero mai wuyar magani. Matar da ke shafa shi safe da yamma, ko ta sha duk maganin dattin cikin da ke kasuwa, fuskarta ba za ta lafa ba sai ta rabu da man, kuma rabuwar ma a hankali ake yin ta bisa shawarar likita.

Illar wankin ciki da shan kafso

Babban hanji ba wurin da datti ke taruwa ya manne ba ne. Bangonsa yana sabunta kansa cikin ƴan kwanaki, abin da jiki ba ya so kuma hanta da ƙoda ne ke tace shi. Filasko da sauran haɗe-haɗen da ake sha don a yi zawo da gangan suna tilasta wa hanji ya fitar da ruwa da gishirin jiki, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, musamman ga tsoho da mai juna biyu da mai ciwon ƙoda. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗura wa jariri irin waɗannan jiƙe-jiƙe saboda an ga ƙuraje a jikinsa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwarsa ne abincinsa da ruwansa, kuma a cikin nonon akwai wani nau'in sukari da ba jaririn ke narkar da shi ba, bakteriya masu amfani da ke hanjinsa ne ke cin sa.

Na biyu shi ne kafso da ake saya a hannun masu yawo da magani a faranti. Antibiyotik ba ya tambayar bakteriya ko mai amfani ce ko mai cuta. Duk mai sayar da nono ta san sai ta bar ɗan tsohon nono a ƙwarya kafin sabuwar madara ta yi tsami yadda ake so, kuma hanjin da ake share halittunsa kowane wata ya rasa wannan irin. Yakan ɗauki makonni ko watanni kafin su dawo, wasu ma ba sa dawowa kamar da.

Wannan ba yana nufin antibiyotik abin ƙi ba ne. A jihar Doso an yi wani babban gwaji, tare da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 wani antibiyotik mai suna azitiromisin sau biyu a shekara, kuma sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna mutuwar yara a ɓangaren Nijar ta ragu da kimanin kashi 18 cikin 100. Amma da aka duba hanjin yaran daga baya an ga bakteriya masu jure wa maganin sun ƙaru. Inda ake maganar ceton rai, ana iya ɗaukar wannan asara da ido buɗe. Ɗaukarta saboda ƙurji biyu a goshi, ba tare da likita ya duba ba, ciniki ne na faɗuwa.

Me hanji ke buƙata daga tukunyarmu?

A 2010 wasu masu bincike daga Italiya sun kwatanta hanjin yaran ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Fulorens na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, an same su da ire-iren bakteriya masu yawa fiye da na yaran Turai, da kuma yawan sinadaran nan da ke ciyar da bangon hanji. Abincin Bulpon ya yi kama da na ƙauyukan Matamai ko Tanut. Binciken bai duba fata ba, kuma bai ce yaran ƙauye sun fi lafiya ta kowace fuska ba, amma ya nuna cewa abin da ake shigo mana da shi a kwalba yana cikin rumbunmu.

Abin damuwar shi ne a cikin birni muna barin wannan abinci. Farar shinkafa da taliya da burodi sun karɓe wurin tuwon gero da dambu, geron ma ana surfa shi har dusar ta ƙare a ba dabbobi. Miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, kwaɗon zogale da rama da tafasa, wake da gujiya, goruba da magarya da aya, duk suna ɗauke da harzar da halittun hanji ke ci. Nono da kindirmo suna kawo bakteriya masu rai, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu zazzaɓi, kuma ruwan da aka dama fura da shi ya zama mai tsabta. Wanda ba ya cin wake da ganye sosai ya ƙara su kaɗan-kaɗan, don kada ciki ya kumbura ya ce abin bai karɓe shi ba.

Sauyin abinci yana ɗaukar makonni kafin a ga wani abu a fata, wani lokaci kuma ba a ganin komai, domin matsalar ba daga nan take ba. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su. Ƙurajen da suka zo tare da zawo mai tsawo ko jini a bayan gida ko rama, ƙaiƙayi tare da ɗorawar ido, jajayen ƙulluttai masu zafi a ƙwauri ga mai yawan ciwon ciki, kumburin leɓe ko wahalar numfashi bayan cin wani abu, da yaron da ƙafarsa ta kumbura ko fatarsa ke ɓarewa, duk waɗannan na asibiti ne. Idan an je, a gaya wa ma'aikacin lafiya halin da cikin ke ciki ko da bai tambaya ba, a kuma tafi da kwalin man da ake shafawa da duk maganin da aka riga aka sha, na farmasi da na gargajiya.